Raɗar Lasifika

Tun ranar da aka haife shi aka san da magana. An ce da ya tsala kukan farko ungozoma ta saki almakashi, wata mai jego a ɗaki na uku ta farka a firgice tana laluben jaririnta. Mahaifiyarsa har ta tsufa tana cewa ba ta taɓa wahalar neman sa a unguwa ba. Tsayawa kawai take yi a bakin ƙofa ta kasa kunne, sai ta san gidan da yake, da wanda yake wa gardama, da abin da ake gardamar a kai.

A makaranta aka fara ajiye shi a layin gaba, aka mayar da shi tsakiya, aka kai shi can baya jikin bango, duk a banza. Wata rana ana jarrabawar lissafi ya sunkuya ya tambayi na kusa da shi a asirce ko nawa ne bakwai sau takwas. Malamin aji na biyar, wanda ke can ƙetaren fili, ya leƙo ta taga ya ce, "Hamsin da shida! Ka bar mu mu yi karatu!" Daga ranar ake kiran sa Lasifika, sunan ya bi shi har ya haɗiye na yanka.

Da ya girma sai ya faɗa sana'ar da ba ta dace da maƙogwaronsa ba ko kaɗan, wato gyaran keken ɗinki. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin shagon mai gyaran agogo da na mai sayar da tabarau. Kawunan kekuna a jere kan kanta, ƙafafunsu na ƙarfe a jingine a lungu, gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi, da kwalbar mai wadda ya huda murfinta da allura. Hannunsa kuwa sanyi gare shi kamar na mai lallashin jariri. Idan tela ya kawo keke yana tsinka zare ko yana tsallake ɗinki, sai ya kara kunne, ya juya wili sau biyu, ya taɓa nan ya sassauta can, keken ya koma tafiya sumul. Amma da zarar ya buɗe baki ya ce, "An gama," sai mai gyaran agogo ya yi ashar a shagonsa, don ɗan ƙarfen da ya yi rabin sa'a yana saitawa ya yi tsalle ya ɓace.

Aurensa ma haka aka yi shi a bainar jama'a. Ranar da ya je ya faɗa wa yarinyar da yake so abin da ke ransa, ya kai bakinsa kusa da kunnenta don kada kowa ya ji. Kafin ta amsa, wata tsohuwa a gida na huɗu ta ce, "Ki amince mana, yaron kirki ne!" Ta amince. Suka haifi 'yan biyu mata, aka koma kiran ta Uwar Biyu. Shekara ashirin da ɗoriya suna zaune lafiya, sai dai idan za su yi hira ita takan zauna a bakin ƙofar kicin, shi kuma can ƙarshen falo. Gulma kuwa an hana shi yi a gidan, don duk wanda ya yi gulmarsa, kafin ya rufe baki mutumin ya iso yana kare kansa.

Wasan kwaikwayo ya shigo rayuwarsa yana da shekara arba'in da biyar. Akwai wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya rasa abin yi, ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa goma sha biyu ya kafa ƙungiyar wasa. Suna yi a zauren taro na gari, mai rufin kwano da benci tamanin, babu makirfo ko ɗaya. Idan aka yi ruwa, 'yan kallo sai dai su ga baki yana motsi. Hedimasta ya kawo keken matarsa gyara, ya yi sallama, Lasifika ya ce, "Barka da zuwa, Malam!" Tsohon ya ja da baya taku biyu, ya gyara tabarau, ya tsaya yana kallon sa kamar ya tsinci zinariya a kwata.

"Ɗana, ka taɓa hawa dandamali?"

"Na taɓa hawa tsani, Malam."

"Ya isa. Ka zo ranar Laraba da la'asar."

Wasan da Hedimasta ya rubuta sunansa Haƙoran Babban Akawu. Labarin wani babban akawu ne mai jiji da kai, wanda haƙoransa na roba suka ɓace a safiyar da sufeto zai zo duba ofis. Lasifika ya fito a matsayin masinja, shi kaɗai ya san inda haƙoran suke, kuma ba ya iya riƙe sirri. Aikinsa shi ne ya bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, ya duba hagu ya duba dama, ya kare bakinsa da tafin hannu, ya raɗa musu: "Daga ni sai kai, kada kowa ya ji. Haƙoran Babban Akawu suna cikin butar shayi!"

Ranar farko da ya yi wannan raɗa, tantabarun da ke kwana a rufin zauren suka tashi gaba ɗaya. Wani mutum ya faɗo daga benci don dariya, aka ɗaga shi ya sake faɗuwa. Shi Lasifika bai gane abin dariyar ba, don a ganinsa raɗa ya yi, iyakar ƙoƙarinsa. Amma da ya ji zauren ya ɗauka, sai wani abu ya narke a ƙirjinsa. Tun yana yaro abin da yake ji shi ne "rage murya", "yi a hankali", "ana barci". Yau ga mutum ɗari huɗu suna tafi suna cewa ya ƙara.

Shekara bakwai ana wannan wasa duk Asabar da yamma, zauren bai taɓa zama da gurbi ba. Mutane suka haddace shi har suna gyara wa 'yan wasa idan sun yi kuskure. An canza butar shayi sau uku, an canza sufeto sau biyu, amma masinja yana nan.

Sai ga Darakta. Budurwa ce siririya mai saurin magana, tsohuwar ɗalibar Hedimasta, ta je ta karanto harkar fim ta dawo da kyamara biyu da mutum biyar masu ɗaukar mata kaya. Ta kalli wasan sau uku a jere, sannan ta tara ƙungiyar bayan an tashi, ta zauna a gefen dandamali tana lilo da ƙafa.

"Malam, wasan nan ya fi ƙarfin zauren nan. Mutum ɗari huɗu ke ganin sa a mako. Idan ya zama fim, dubbai za su gani a rana ɗaya, har a garuruwan da ba ku taɓa jin sunansu ba."

Hedimasta ya yi gyaran murya. "To ai sai ki kafa kyamarar taki a layin gaba ranar Asabar, mu yi, ki ɗauka."

"Ba haka ake yi ba, Malam. Fim daban, dandamali daban. Ofis na gaske za mu samu, da tebura na gaske. Kuma sufeto zai zo a mota, mu nuna motar tana gudu."

"A wasana ba a ganin motar sufeto. Ana jin hon ne kawai."

"To yanzu za a gan ta. Ina ma tunanin ta kusa buge akuya."

"Babu akuya a rubutuna!"

"Za a samo."

Suka yi ta ja har aka daidaita a kan mota ba akuya. 'Yan ƙungiya kuwa tuni hankalinsu ya tashi sama. Matar da ke fitowa a mai buga tafireta ta sayi baƙin tabarau ta daina amsa gaisuwa da baki, sai da ɗaga yatsu. Mahaucin da ke fitowa a Babban Akawu ya fara koyon sa hannu a takardar naɗe nama. Lasifika ya koma gida ya tsaya a tsakiyar falo ya ce, "Uwar Biyu, mijinki zai shiga fim!" Maƙwabta suka amsa ta katanga da "Allah ya sanya alheri."

Aka samu aron wani tsohon ofis a bene na biyu, aka fara ɗauka ranar Litinin da safe. Abin da ya fara ba Lasifika mamaki shi ne babu 'yan kallo. Fitilu ne masu zafi, wayoyi a ƙasa kamar macizai, da wani saurayi mai ɗaukar sauti, ya toshe kunnuwansa da abin saurare, yana riƙe da doguwar sanda mai makirfo a kai, makirfon lulluɓe da gashi kamar ɓeran da ya ƙoshi. Aka saito masa wannan ɓera a saman kai.

"Baba," in ji Darakta, "kamar yadda ka saba. Ka duba hagu, ka duba dama, ka raɗa wa mai tafireta. Akshin!"

Ya duba hagu. Ya duba dama. Ya kare baki da hannu. "DAGA NI SAI KE..."

Mai sauti ya yi ƙara, ya fizge abin kunnensa ya jefar, ya saki sanda ta faɗo kan tafireta. Ya durƙusa yana riƙe da kansa. Da aka tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Ƙarfe tara da rabi." Sai bayan azahar ya fara jin maganar mutane.

Lasifika kuwa yana nan tsaye, hannu a baki, yana jiran dariya. Shekara bakwai ya saba idan ya faɗi wannan layi sai ya ƙirga zuwa ashirin kafin zauren ya lafa. Ya ƙirga ashirin ɗin a zuci. Ba wanda ya ko murmusa. Sai ƙarar fanka.

Darakta ta ja shi gefe. "Baba, ka ga wannan abin? Ko numfashinka yana ji. Ko cikinka ya yi ƙugi zai ɗauka. A fim raɗa ake yi ta gaske. Kyamara za ta zo dab da fuskarka, 'yan kallo su ji kamar su kake raɗa wa."

"To ai raɗar na yi, 'yata."

Ta dube shi ta ga da gaske yake. Ta sauke numfashi. "Za mu ɗauki sauran wuraren tukuna. Ina ba ka mako biyu ka koyo raɗa. In ba haka ba, wallahi ba da son raina ba, sai dai wani ya fito a masinja."

Ya sauko daga benen a hankali, ya bi titi bai gaisa da kowa ba, har mutane suka riƙa leƙowa suna tambayar ko an yi rasuwa, don unguwar ta yi tsit.

A gida aka kafa makaranta. 'Yan biyu, waɗanda a lokacin suke karatun jinya, suka ce abin na numfashi ne. Suka kunna kyandir suka ajiye a gabansa, ya faɗi layin ba tare da wutar ta mutu ba. Ta mutu. Suka matsar da kyandir ɗin taku uku, ta mutu. Suka kai shi kan firiji, wutar ta kwanta ta tashi kamar mai neman gafara, suka ce an samu ci gaba.

Uwar Biyu ta ce a gwada da matashin kai. Ya danna fuskarsa ciki ya faɗa, maƙwabciya ta aiko tambaya wace butar ake nufi. Aka sa shi cikin kwabar tufafi aka rufe, ya faɗa daga ciki, madubin ƙofar ya tsage daga sama har ƙasa.

"Malam, fito," in ji Uwar Biyu. "Fim ɗin nan zai ƙarar min da kayan ɗaki."

Suka kai shi wurin likitan maƙogwaro. Likita ya sa masa ɗan katako a harshe ya ce, "Ce aaa." Ya ce. Nas biyu suka shigo da gudu, ɗaya da gadon tura marasa lafiya. Likita ya goge tabaransa, ya ce a shekara talatin na aiki bai taɓa ganin maƙogwaro mai lafiya irin wannan ba, kuma ba shi da maganin lafiya.

Wani ya ba shi shawara ya gajiyar da muryar. Ya tafi filin ƙwallo ranar Lahadi ya goyi bayan ɓangarorin biyu, ya yi ihu tun daga busa ta farko har ta ƙarshe. Alƙalin wasa ya tsayar da wasa sau biyu yana neman wanda ke ba da umarni. Washegari ya tashi muryar ta ƙara washewa, kamar an yi mata sabis. Ya sha ruwan ƙanƙara kofi shida a gaban fanka, Uwar Biyu da ta zauna kusa da shi ita ta kamu da mura.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, yana zaune a shago ransa a jagule, ya kwance wani tsohon keke da ke cije zare. Ya ciro 'yar ƙusar da ke riƙe farantin allura, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, ya rasa inda zai ajiye ta don hannayensa duk mai, sai ya maƙale ta a tsakanin leɓɓansa. Daidai nan mai gyaran agogo ya leƙo.

"Maƙwabci, ara min ƙaramin sukudireba."

"Yana cikin gwangwani, ɗauka."

Mai agogo ya miƙa hannu, sai ya tsaya cak. Ya juyo a hankali. "Me ka ce?"

"Na ce yana cikin gwangwani."

"Sake faɗa. Kada ka cire abin da ke bakinka. Don girman Allah sake faɗa."

Ya sake. Murya ce 'yar siririya, tana fita ta gefen baki kamar iskar taya mai ƙaramar huda. Mai agogo ya zauna a kan ƙafar keke, idanunsa suka kawo ruwa. "Shekara goma sha tara," in ji shi. "Shekara goma sha tara ina maƙwabtaka da kai, ashe maganin yana cikin gwangwanin madara."

Ranar ɗauka Lasifika ya hau bene da ƙusoshi uku a aljihu. Mai sauti yana ganin sa ya fara ja da baya, ya ce sai an yi masa rantsuwa kafin ya sa abin kunne. Lasifika ya maƙala ƙusa ɗaya a leɓe ta ciki yadda kyamara ba za ta gani ba. Aka ce akshin. Ya duba hagu, ya duba dama, ya sunkuya kan kunnen mai tafireta, ya raɗa. Raɗa ta gaske, mai taushi, har gashin makirfo bai motsa ba.

"Kat!" Darakta ta yi tsalle. "Baba! Wannan shi ne fim! Mu sake ɗaya don ajiya."

Aka sake. Aka kuma sakewa don wani ya yi tari. Aka sake don fitila ta mutu, aka sake don mai tafireta ta manta ta cire baƙin tabarau. A dandamali sau ɗaya ake faɗar magana ta wuce, a nan kuwa sai da ya tona asirin Babban Akawu sau takwas a kunne ɗaya. A na tara ne, yana cewa "butar shayi", ya ja numfashi, ya yi shiru, idanunsa suka fito.

"Baba, lafiya?"

"TA WUCE!" in ji Lasifika.

Mai sauti ya sake zubewa.

Aka kwashe su biyun zuwa asibiti a motar sufeto. Hoto ya nuna ɗan ƙarfen zaune a cikinsa hankali kwance. Likita ya ce a bar shi, ya san hanya, zai fita da kansa. Uwar Biyu ta iso tana haki, ta dubi hoton ta dubi mijinta.

"Malam, mutane suna shiga fim su fito da suna, kai ka fito da ƙarfe."

"Na keken mutane ne ma," in ji shi. "Ranar Alhamis za a zo karɓa."

Bayan wata uku aka gama haɗa fim. Darakta ta ce a zauren taro za a fara nuna shi, don girmama inda aka haife shi. Aka rufe tagogi da barguna saboda hasken rana, aka rataya farin ƙyalle a dandamali. Zauren ya cika har ana zama a kan taga. Lasifika ya sa sababbin kaya ya zauna a layi na uku tsakanin Uwar Biyu da Hedimasta.

Fim ya fara da kyau. Da motar sufeto ta fito tana gudu aka yi tafi, Hedimasta ya yi tsaki. Da aka nuno fuskar Babban Akawu dab da dab, baki ba haƙora, har ana ganin gumin hancinsa, aka yi dariyar da ba a taɓa yi a dandamali ba, Hedimasta ya ce a ransa to, wannan kam an ci. Sai ga masinja ya shigo. Zauren ya gyara zama. Iyaye suka toshe kunnuwan jarirai, kamar yadda suka saba. Ga fuskar Lasifika ta cika ƙyalle, ya duba hagu, ya duba dama, ya sunkuya.

Ya yi raɗa.

Shiru. Mutum ɗari huɗu da hannu a kunne, suna jiran tsawar da ba ta zo ba. Can daga baya wata tsohuwa ta ce, "Me ya ce?"

"Ba mu ji ba!"

"Ba shi da lafiya ne?"

"Wayyo, sun lalata bawan Allah."

Lasifika ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mako biyu na wahala, madubi, mura, ƙarfe a ciki, ga sakamakon. A kan ƙyalle masinja ya nufi ma'aikaci na biyu. Tsohuwar nan ta sake cewa, "Jama'a, wani ya faɗa min abin da yake cewa mana." Shi kuwa mutum ne da ba ya iya jin tsohuwa tana roƙo ya ƙyale. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Masinjan ƙyalle ya kare baki da hannu, na layi na uku ma ya kare.

"DAGA NI SAI KAI, KADA KOWA YA JI! HAƘORAN BABBAN AKAWU SUNA CIKIN BUTAR SHAYI!"

Bargo ɗaya ya faɗo daga taga. Zauren ya kece. Mutane suna dukan benci, suna riƙe ciki, wasu suna share hawaye. Ga fuska a ƙyalle tana lallaɓawa kamar mai tsoron tada ƙuda, ga murya kamar ana sauke kwano daga mota. Sau biyar masinja ke yin raɗa a fim ɗin, sau biyar Lasifika ya miƙe. A na ƙarshe har Darakta tana kwance a kan na'urar haska fim tana dariya.

Da aka tashi ta same shi a bakin ƙofa. Ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Baba, ni ce zan ba ka haƙuri. Na kalli wasan nan sau uku, na ɗauki tebur, na ɗauki buta, na bar abin da mutane ke zuwa dominsa."

"To yanzu duk inda za a nuna sai na bi? Ina da kekunan mutane fa."

"A'a. Muryar za mu sake ɗauka, mu ɗora a kan hoton."

Mai sauti ya ce shi da sharaɗi. Aka tafi bayan gari, wani fili da ake koyon tuƙin mota. Aka tsayar da Lasifika a wannan ƙarshe, mai sauti ya tafi wancan ƙarshen taku ɗari da hamsin, ya ɓuya a bayan tarin tayoyi ya leƙo da sandarsa kawai. Sau ɗaya aka ɗauka. Wata mai koyon tuƙi ta taka birki ba shiri, malaminta ya yaba mata.

Haka fim ɗin ya fita, kuma ya yi tafiya fiye da yadda kowa ya zata. Ba a ce ya fi kowane fim ba. Masu sharhi sun ce tsakiyarsa ta yi tsawo, kuma motar sufeto ba ta da wani amfani, maganar da Hedimasta ya yanke daga jarida ya liƙa a ƙofar ɗakinsa. Amma an kalle shi a motocin haya da shagunan aski, an kuma samu labarin mutane da dama da suka jefar da waya saboda sun kalla da abin kunne. Abin mamaki, zauren taro bai rage cika ba. Waɗanda suka ga fim suka riƙa zuwa daga nesa don su tabbatar ba na'ura ce ta ƙara muryar ba. Suna fita suna cewa na'urar ma ragewa ta yi.

Hedimasta ya buɗe akwatinsa ya fito da wasanni shida da ya rubuta tun yana koyarwa, ya ce duk a mayar da su fim. Darakta ta karanta ta zaɓi ɗaya, ta ce sauran biyar a bar su a dandamali, don akwai mai mutum biyu zaune a benci suna gardama sa'a biyu, ita kuma ba ta san inda za ta sa kyamara ba. Suka yi fushi da juna kwana huɗu suka shirya.

A sabon fim ɗin babu rawar da ta dace da Lasifika, labarin ɗakin karatu ne. Bai damu ba, ya ce dama kekuna sun taru. Amma ranar farko da aka fita ɗauka a bakin kasuwa, aka yi sa'a guda ana roƙon jama'a su yi shiru abin ya gagara. Darakta ta hau babur da kanta ta je shago.

"Baba, minti goma kawai."

Ya goge hannu ya bi ta. Ya tsaya a kan wani akwatin lemo, ya dubi kasuwar, ya ja numfashi.

"JAMA'A, A YI MANA SHIRU!"

Mai niƙa ya kashe inji. Masu ciniki suka tsaya da hannu a sama. Wani zakara da ya buɗe baki zai yi cara ya fasa. Darakta ta ɗaga hannu ta ce akshin, kyamara ta juya kan jarumin fim, sabon yaro mai gyararren gashi, wanda aka kawo daga wani gari kuma ba wanda ya gargaɗe shi. Yana tsaye baki buɗe, ya manta layinsa, ya manta sunansa a fim, aka ba shi ruwa ya sha.

"Ɗana, kwantar da hankalinka," in ji Lasifika cikin lallashi, yaron ya ƙara zabura. "'Yata, ni zan koma, na bar keke a kwance. In sun sake tashi ki aiko."